Shekarar da Desley Ta Kai Yaranta Yawon Teku

Ni da Desley tun aji ɗaya muke tare a firamaren Wingham, bencinmu ɗaya har ranar da ta bar makaranta. Mahaifinta shanun madara yake kiwo a bakin kogi. Kullum kafin ta zo aji sai ta taya shi tatsa, don haka take zuwa da warin shanu a rigarta, yara suna toshe hanci in ta gifta. Ba ta taɓa ramawa ba. Sai ta yi ta dariya tare da su kamar da wata ake. Haka ta girma. In abu ya yi mata ciwo, ita ce ke riga kowa dariya.

Tana 'yar shekara sha shida aka sayar da gonar, ta shiga aikin kicin a wani gidan kula da tsofaffi a Taree. Can na same ta daga baya, muka ci gaba daga inda muka tsaya. Ta fi shekara ashirin a kicin ɗin nan, tana feraye dankali, tana niƙa wa marasa haƙori nama, tana zama kusa da tsofaffin da ba sa cin abinci sai da hira.

Mijinta Darrin Kinnane rufin kwano yake yi. Kyakkyawa ne, ga baki, in ya shigo wuri sai kowa ya san ya shigo. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma yana son 'ya'yansa. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya jure a gan shi a ƙasa. Tun da ya zamo daga kan wani rufi ya ji rauni a baya, aiki ya zama yau akwai gobe babu, amma in ka tambaye shi sai ya ce ai shi yanzu zaɓen aiki yake yi.

'Ya'yansu biyu. Tegan ce babba, shekararta sha uku a lokacin, yarinya mai son karatu da kallon mutum har sai ya tsargu. Brodie yana da takwas, shi dai a bar shi da ƙwallo da karensa Biskit.

A gidan haya suke, wani tsohon gidan katako mai bishiyar lemon tsami a baya, inda aka haifi yaran duka biyu. Shekarar da mutanen birni suka yi ta kwararowa garuruwanmu suna saye gidaje, mai gidan ya sayar da nasa, aka ba su wa'adin tashi. Desley ta shiga yawon neman wani. Duk gidan da dillali ya buɗe sai ta tarar da layin mutane har bakin titi, likitoci da malamai da ma'aikatan banki. Wa zai bar waɗannan ya ba mai wankin tukwane da mai ciwon baya?

Da na ga wa'adi ya matso, na je gidan na ce, "Ku taho wurina. Ɗaki biyu ne, za mu matsu, amma dai rufi ne a ka kafin a samu wani."

Desley ta buɗe baki za ta yi magana, Darrin ya riga ta.

"Mun gode, Noeline. Amma ba mu kai ga kwana a falon mutane ba tukuna. Ina da dabara."

Dabarar ta iso ranar Asabar da hantsi. Ya ba da ƙaramin jirginsa na kamun kifi da rabin kayan aikinsa, ya karɓo wani tsohon karaban, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, mai gado babba ɗaya da 'yan gadaje biyu ɗaya bisa ɗaya. Ina gidan ina taya Desley naɗe faranti a jarida ya shigo ya tafa hannu.

"Ku fito ku ga sabon gidanku. Za mu bi bakin teku har Cairns. Shekara guda cur, ba ƙararrawar makaranta, ba tashin sassafe. Teku kawai."

Brodie ya fita da gudu, kare na binsa. Tegan ba ta motsa ba.

"Wannan gidan fa?"

"Ina zai je? Wasu za su zauna su kula mana da shi kafin mu dawo."

Tegan ta juya ta kalli uwarta. Desley na riƙe da faranti, ta ci gaba da naɗe shi har ta gama, sannan ta ce, "Ai kin ji babanki."

Daga baya na tare Desley a gindin lemon tsami na ce mata yarinyar nan ba jaririya ba ce. Ta ce Darrin ya roƙe ta, ya ce a bar yaran su ji daɗi ko na 'yan watanni ne, kafin nan ya samu aiki a arewa su kama gida, ba wanda zai taɓa sani. Ta ce, "In na faɗa musu, me zan ba su a madadinsa?"

A wurin aiki har kek aka yanka mata. Mata suna ta cewa ta more, su ma da mazajensu za su yi irin wannan tunani. Biskit ni aka bar wa, don yawancin zangon karaban ba sa karɓar kare.

Ba zan ɓoye ba, farkon tafiyar ya yi daɗi. Sun yada zango a South West Rocks, sun wuce Nambucca, sun kai Yamba. Brodie ya kama kifinsa na farko da fatsa, ya hana a soya har sai da ya fara wari. Da safe sukan ga dolfin, dabbobin tekun nan masu kama da manyan kifaye, suna bin igiyar ruwa. Da yamma Darrin ya gasa nama a ƙarƙashin rumfa, da gwangwanin giya a hannu, yana ba maƙwabta labarin yadda ya gaji da aiki ya ce bari ya ba iyali lokacinsa. Kullum sai ya ɗora hotuna a waya: yara a kan yashi, rana na faɗuwa, Desley ta yi baƙi ta yi kyau. Ta kira ni daga Yamba ta ce rabonta da barci irin wannan tun kafin ta haifi Tegan.

Sai dai zango ba ya barin mutum ya daɗe. Ka yi 'yan makonni a ce ka matsa. Da hutun Ista ya zo, kowane gurbi na waɗanda suka kama tun bara ne, ɗan abin da ya rage kuma ya fi ƙarfinsu. Suka koma wurin hutawar direbobi a gefen babbar hanya, tsakanin manyan motoci, ba wanka sai a famfon bakin teku da ake ɗauraye yashi. Darrin ya ce wa yara ai wannan shi ne yawo na gaskiya, zango na ragwaye ne.

A nan ruwa ya same su, ya yi mako yana zuba. Rufin karaban ya fara yoyo daidai kan gadon sama inda Tegan take kwana. Darrin ya hau ya liƙe, ya sauko yana dafe da baya, ruwa ya sake ɓullowa ta wani gefen. Littattafan Tegan suka jiƙe, katifa ta yi fumfuna.

Tegan ta ce, "Baba, ba wani mai rufi da ka sani a nan kusa?"

"Ki iya bakinki, yarinya."

"Tambaya kawai na yi."

Karatu kuma an ce ta kwamfuta za su riƙa yi, malamai suna turo aiki daga nesa. Sau da yawa ba sabis. Duk zangon da suka sauka, Tegan takan nemi ɗakin injin wanki, don nan ne ake samun tebur da wurin caji, ta zauna cikin ƙarar injuna tana lissafi. Brodie kuwa ya faɗo hannun Desley. Dama karatu yana ba shi wuya tun a gida, ga shi yanzu teku na kiransa ta taga. Ta zaunar da shi, ta nuna kalma da yatsa, ya kalli rufi, ta sake nunawa, ya ce fitsari yake ji, shi ke nan sai la'asar. Ita da ta bar makaranta tana sha shida, rabin abin da ake turowa ita ma sai ta karanta sau uku.

Maƙwabtansu a zango galibi tsofaffi ne da suka yi ritaya, masu karaban sababbi fil da firji da talabijin. Sukan tsaya su kalli yaran su ce wa Desley, "Abin da kuke ba su, ba makarantar da za ta ba su." Desley ta yi murmushi ta ce haka ne. In an tambayi ina ne gida, ta ce Taree.

A Hervey Bay abin ya fashe, wata biyar da tashinsu. Wata ƙawar Tegan ta bi ta tsohon layinsu, ta ɗauki hoto ta turo mata. An yi wa gidan farin fenti, an sa sabon shinge, ga lilon yara a gaba, ga sunan wasu mutane a jikin akwatin wasiƙa. Inda lemon tsami yake an yi wurin ajiye mota.

Da tsakar rana ne, Desley na shanya a bayan karaban. Tegan ta zo ta miƙa mata wayar.

"Mama, masu kula mana da gida sun sare lemon."

Desley ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Sun kuma rubuta sunansu a akwati. Haka ake kula da gida?"

Dukansu biyu sun ba ni labarin wannan rana, kowacce a lokacinta, kuma a nan bakinsu ya zo ɗaya: Desley dariya ta yi. Ba ta yi niyya ba, ita ce ta kufce mata kamar kullum. Ta ce, "Dama lemon nan ya tsufa."

Tegan ta ce, "Ba mu da gida ke nan."

"Muna da wannan."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tegan, babanki ya ga kamar…"

"Ba Baba na tambaya ba. Shi na san shi. Ke na kalla ranar da ya kawo karaban."

Darrin ya ji muryoyi ya zagayo. Da ya gane abin da ake ciki sai ya ɗage kafaɗa ya ce, "To, kin sani yanzu. Sai aka yi yaya? Yara nawa ne suke buɗe ƙofar ɗakinsu su ga teku?"

"Ni ba ni da ƙofar ɗaki, Baba. Labule gare ni."

Brodie yana tsaye da bokitin kaguwa a hannu, duk ya ji. Abin da ya tambaya kawai shi ne, in ba za a koma ba, yaushe za a kawo Biskit. 

Suka ci gaba da yin arewa, don ba inda za su juya. Hira ta mutu a mota. Darrin bai daina ɗora hotuna ba, sai dai yanzu bayan Tegan kawai ake gani a ciki. Kusa da Yeppoon injin motar ya buga. Bakanike ya leƙa ya ce gyaranta ya fi ta tsada. Aka jawo su zuwa wani zango a gefen gari, kuma iyakar tafiyar ke nan. Cairns kuwa ko ƙurarta ba su gani ba.

Darrin ya samu aikin tuƙi a wurin haƙar kwal can cikin ƙasa, ya yi mako biyu a can ya zo ya yi ɗaya. Desley ta je wurin matar da ke riƙe da zangon ta nemi aiki, aka ba ta wankin banɗaki da kwashe shara, aka kuma mayar da karaban ɗinsu layin baya, kusa da bola, inda mazauna dindindin suke. Daga can ba a hango ruwa, sai dai a ji ƙararsa in iska ta juyo. Ta sa yaran a makarantar gari. Aka gwada Brodie, aka mayar da shi aji ɗaya baya, cikin yaran da ya fi tsawo da kai guda.

Ba a yi wata biyu ba Tegan ta kira ni. Ba gaisuwa mai tsawo.

"Anti Noeline, ɗakin nan da kika ce, yana nan?"

Na ce yana nan, amma sai uwarta ta yarda. Ta ce ta riga ta yarda. Na kira Desley, ta ce, "Ki ɗauke ta. A makarantarta ta da an san ƙoƙarinta. Nan ba ta da ko inda za ta aje littafi." Muryarta lafiya lau, har tana tsokanata wai in shirya, yarinyar ba ta cin albasa.

Ita ta raka ta tashar bas, da jakar burodi da dafaffen ƙwai na hanya. Da za a shiga ta ce, "Ki riƙa kirana."

Tegan ta ce, "To."

"Na yi kuskure, Tegan. Na ɗauka ina kare ku ne."

"Na ji, Mama. Za a bar ni."

Darrin kuma zuwansa ya yi ta ja da baya. Mako ɗaya ya koma kwana uku, kwana uku ya koma wani wata. In ya zo ba ya iya zama a layin baya, sai ya tafi mashaya inda ba a san shi ba. Ƙarshe ya kira daga Mackay ya ce yana bukatar ya ɗan zauna shi kaɗai ya yi tunani. Ba wata mace a ciki, na bincika. Ya dai gaji da kallon fuskokin da suka san gaskiyarsa. Yana turo wa Brodie abu lokaci-lokaci. Hoton da ke fuskar wayar Darrin har yau na Yamba ne, su huɗu a kan yashi.

Tegan ta zauna wurina har ta gama sakandare. Ba ta ba ni wahala ba ko sau ɗaya. Tana karatu, tana aiki a shagon burodi ranar Asabar, tana fita da Biskit har ya tsufa ya mutu a hannunta. Ran Lahadi uwarta takan kira, su yi magana kan sanyi da zafi da jarrabawa, ba ta wuce ɗan lokacin da shayi zai huce ba. Kirsimeti biyu ta je Yeppoon, duk biyun ta dawo kafin ranar da ta ce.

Da bikin yaye su ya zo, ita aka zaɓa ta yi jawabi a madadin ɗalibai, don ta samu gurbi a jami'a a Newcastle har da tallafin karatu. Desley ta nemi hutu, ta taho ita da Brodie, jirgin ƙasa da bas, kwana da yini a hanya. Ta sayi riga shuɗiya. Hannayenta duk sun tsattsage saboda maganin wankin banɗaki, sai ɓoye su take a ƙarƙashin jaka. Muka zauna a tsakiyar zauren.

Tegan ta hau ta gode wa malamai. Sannan ta ce, lokacin da take shekara sha uku iyayenta sun yi abin da mutane da yawa suke mafarki amma ba sa iyawa. Sun rufe gida, sun ɗauki 'ya'yansu, sun bi bakin teku. Ta ba da labarin dolfin, da kifin Brodie, da yadda ta yi lissafi a ɗakin injin wanki, mutane suna dariya. Ta ce a wannan tafiya ta koyi cewa duniya ta fi aji faɗi, kuma duk abin da ta zama, daga can ya faro. Ta nuna inda muke ta ce mahaifiyarta tana nan.

Aka ɗau tafi, mutane suna waiwayowa. Desley ta zauna kamar an dasa ta. Brodie ya sunkuyo ya ce, "Mama, wace tafiya take nufi? Tamu?"

A waje iyaye suka yi ta zuwa suna gaishe ta. Wata malama ta riƙe hannunta da hannu biyu ta ce ita ma tana da yara biyu, kullum tana cewa za su yi, ba ta da ƙarfin halin Desley ne kawai. Desley ta ce ta gode.

Sai a wurin ajiye motoci suka haɗu su biyu, ina gefe ina neman makulli.

Desley ta ce, "Kin iya magana."

"Na gode."

"Me ya sa kika faɗe shi haka?"

"Haka suke son ji, Mama. Shi na rubuta wa masu ba da tallafin ma. Da na ce musu mun kwana a gefen titi don an kore mu daga gida, tausayina za su ji su ba wata. Wannan kuwa ya burge su." Ta gyara hular bikin a kanta. "Ai labari ne mai kyau. Ku kuka tsara shi, ni na yi amfani da shi kawai."

Ƙawayenta suka kira ta ɗaukar hoto, ta tafi.

Washegari tun da safe na tarar da Desley a kicin ɗina. Ta dafa miyar nama da taliya da farfesun kaza, duk ba albasa, ta zuzzuba a robobi ta jera a firji, don Tegan ta tafi da su Newcastle. Tegan ba ta tashi ba har na kai Desley da Brodie tasha.

Har yanzu Desley tana Yeppoon, a layin baya. Tayoyin karaban sun daɗe da sacewa, an ɗora shi a kan bulo, ta shuka tumatir a tsofaffin bokitai a gefensa. Brodie ya bar makaranta da zarar doka ta ba shi dama, yana bin jiragen kamun jatan lande, in ya sauko ya kwana a rumfa don gadon ya yi masa kaɗan. Yaro ne mai kirki, amma in takarda ta zo sai ya miƙa wa uwarsa ya ce idonsa na ciwo.

Watan jiya ta kira ni. Gwiwarta ta kumbura, likita ya ce ta daina durƙuso, ta ce masa to ya zo ya nuna mata yadda ake wanke masai a tsaye. Muka yi hirar mutanen kicin, wa ya mutu, wa ya yi ritaya. Can ta ce, "Tegan ta kira ki?"

Na ce ta kira ranar Talata.

"Tana cin abinci dai?"

Na ce tana ci, har ta yi ƙiba.

Ta ce to madalla. Ina jin ƙarar injin yankan ciyawa a bayanta. Ba ta tambaya ko yarinyar ta ambace ta ba. Sai ta ce bari ta je, masu hutu sun kusa dawowa daga ruwa, yanzu za su cika banɗaki da yashi.